Yadda ake karanta zanen karkara a gano abin da kyansa ya rufe

A gidan zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani zane da Thomas Gainsborough ya yi wajajen 1750, ana kiransa Mr and Mrs Andrews. Faɗinsa bai cika santimita 120 ba, tsayinsa kusan 70. Wani saurayi ne tsaye a gindin ƙaton itace, bindiga a hammata, karen farauta a gefen ƙafarsa, amaryarsa na zaune kan benci cikin shuɗiyar riga mai faɗi. Su biyun sun matsa gefen hagu, sauran fiye da rabin zanen duk gona ce. An yanke alkama an ɗaure dami-dami, tushiyarta a jere layi-layi, tumaki can nesa cikin shinge, hadari ya ɗan taso. Duk wanda ya kalla zai ce wannan wuri akwai kwanciyar hankali. To, amma alkama ba ta yanke kanta, dami kuma ba ya ɗaure kansa. Akwai waɗanda suka sunkuya da lauje tun asuba kafin filin ya yi wannan kyau, kuma ko inuwar ɗayansu babu a zanen.

Kowane zanen karkara yana nuna ƙasa ne daga inda wani ya tsaya, kuma a Turai da Amurka na ƙarni na 17 zuwa na 19 mai tsayuwar galibi shi ne mai ƙasar, ko wanda mai ƙasar ya biya. Aikinka shi ne ka gano wurin tsayuwar, ka ƙirga waɗanda aka sa da waɗanda aka cire, sannan ka gwama abin da ka gani da abin da takardun zamanin suka ce. Ana iya yin wannan da rula da fensir.

Kayan aiki

Nemo hoton zanen daga shafin gidan da ke ajiye da shi, kar ka ɗauko na kafafen sada zumunta. Waɗanda ke yawo a can sau da yawa an datse gefunansu don su dace da allon waya, gefen nan kuwa nan ake tura ma'aikata da bukkokinsu. Hoton ya zama mai iya faɗaɗuwa sosai. Idan faɗinsa bai kai fiksil 2,000 ba, mutanen da ke nesa za su narke su zama ɗigon fenti, ka ƙirga sifili alhali suna nan. National Gallery da Tate da Metropolitan na New York duk suna da manyan hotuna a shafukansu, shafin Art UK kuma ya tattara zane-zanen da ke hannun hukumomi a Birtaniya.

Buga hoton a takarda, ka ja layi tara a tsaye, tara a kwance, a tazara ɗaya, ka sami akwati 100. Kowane akwati kashi ɗaya ke nan cikin ɗari, lissafi ya zo da sauƙi. Tanadi alƙalami launi uku: ɗaya na mai dukiya da gidansa, ɗaya na ma'aikata da matsuguninsu, ɗaya na iyakoki, wato shinge, katanga, ƙofa, rami da hanya. Kwafe bayanan kundin gidan ajiyar a gefe: shekara, girma, wurin da aka zana, wanda ya ba da aikin, da jerin hannayen da zanen ya bi har ya iso inda yake. Amma kar ka karanta sharhin da ke ƙarƙashinsa tukuna. Ka yi minti goma kana kallo da idonka, domin da zarar ka karanta “kwanciyar hankalin karkarar Ingila” to ita kaɗai za ka gani.

A ina aka tsayar da kai?

Nemi layin da ƙasa ta haɗu da sama, ka ja masa layi da rula. Wannan layin shi ne daidai tsayin idon mai kallo. Idan kana ganin saman rufin gidaje da tsakiyar gonaki da lanƙwasar kogi gaba ɗaya, an ɗora ka kan tudu ne ko barandar babban gida. Daga can ƙasa takan kwanta kamar taswira, abin da ake iya aunawa a sayar. Wanda ke aiki a gona ba ya ganin wannan. Shi abin da ke gabansa kunya ce da taɓo da bayan wanda ke gabansa a layi.

Daga nan duba kawunan mutane. Wa kansa ya haura layin, wa ya rage a ƙarƙashi? Robert Andrews, saurayin zanen Gainsborough, kansa ya haura, yana kallonka ido da ido. Ajiye shi kusa da zanen Jean-François Millet na 1857 da ke Musée d'Orsay a Faris, na mata uku masu kala a gonar alkama. Millet ya ɗaga layin sama ƙwarai, matan uku duk suna ƙarƙashinsa, ƙasa ta kewaye su ta ko'ina. Can baya ga tarin hatsi kamar tsauni, ga wakilin mai gona bisa doki. Kayan haɗin duka iri ɗaya ne da na zanen masu gandu, sai dai an juya tsarin: talaka a gaba da girma, dukiya a baya ƙarama. Shi ya sa wasu masu sharhi na Faris suka ji haushinsa lokacin da aka baje shi. Yana da kyau kowane mai wannan nazari ya riƙe zanen Millet a matsayin ma'auni, duk lokacin da wani zane ya rikita shi sai ya ajiye su gefe da gefe.

Akwai ma wata na'ura da ta tona asirin wannan irin kallo. Masu yawon buɗe ido na Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 sukan riƙe ɗan madubi mai duhun launi, mai ɗan tudu a tsakiya, wanda aka sa wa sunan mai zane Claude Lorrain. Mutum zai isa wuri mai kyau, ya juya masa baya, ya ɗaga madubin ya kalli wurin a ciki. Madubin yana ƙanƙanta komai, ya tausasa launi, ya haɗe ƙananan abubuwa. Rufin bukka mai yoyo sai ya koma ɗan launin ƙasa mai daɗin gani. William Gilpin, limamin cocin da ya yaɗa wannan salon yawo da bayanin tafiyarsa a kogin Wye da aka buga a 1782, ya ambaci matalautan da ke zaune a bukkoki cikin kangon tsohon gidan ibada na Tintern, ga kuma masana'antun ƙarfe a kusa. A yawancin zane-zanen Tintern da aka sayar wa matafiya, kangon ne kawai da ganye da hasken yamma.

Ƙirga mutane, ka auna su

Faɗaɗa hoton ka bi shi akwati-akwati daga hagu zuwa dama, kamar mai neman allura. Duk mutumin da ka samu, rubuta abu huɗu: tsayinsa da milimita a takardarka, ko ana ganin fuskarsa, abin da yake yi, da ko haske ne a kansa ko inuwa. Raba tsayinsa da tsayin zanen gaba ɗaya. Wanda ya kai rabin tsayin zane mutum ne mai suna. Wanda bai kai kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, an sa shi ne don ya nuna nisa, aikinsa ɗaya da na saniya ko kututture.

Shafin “abin da yake yi” ya fi sauran ba da labari. Masanin adabi John Barrell ya nuna a 1980 cewa a zanen karkarar Ingila na tsakanin 1730 da 1840 akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: ana yarda talaka ya fito, amma ya fito yana aiki, ko yana hutun da ya biyo bayan aiki, cikin natsuwa da gamsuwa. Talaka a zaune haka kawai, ko taron maza a ƙofar mashaya suna magana, abin tsoro ne ga mai saye. George Morland, wanda ya yawaita zana irin waɗannan, ya sha suka a kan haka. Saboda haka idan ka ga kowa a zane hannunsa na kan aiki, ba mai ɗaga kai, ba mai magana da ɗan'uwansa, rubuta shi. Tsari ne aka yi.

Sai tufafi da jiki. Zanen George Stubbs na masu girbi, na 1785, da ke Tate, misali ne da ba ya ɓuya. Ana tsakiyar yankan alkama, amma rigunan mazan farare tas, matan da huluna masu ado, babu gumi, babu ƙura, babu wanda bayansa ya ƙage. A dama ga wani bisa doki mai sheƙi yana dubansu. Auna tsayinsa tare da dokin ka gwada da nasu, ka ga wanda ya fi kowa cin fili. Mutanen suna nan, wahalar ce aka wanke. Wannan salon ɓoyewa ya fi na Gainsborough wayo, don mai kallo zai ce ai ga ma'aikata an nuna.

Idan ƙirgarka ta ba da sifili, koma ka ƙirga sawun aiki: dami, kunya, shingen da aka datse daidai, ciyawar da aka aske, magudanar ruwa, hayaƙin bututu, itacen da aka sare. Kowanne yana nufin hannaye. Ciyawar gaban manyan gidajen Ingila kafin a ƙirƙiro injin yankanta a 1830, da doguwar lauje maza ke aske ta da sanyin safiya tun raɓa ba ta bushe ba, ko kuma a bar tumaki su yi aikin. Shimfiɗaɗɗen koren fili a zane, wanda ba a shuka komai a kansa, shela ce cewa mai shi yana da ƙasar da zai bari ba noma, da mutanen da za su riƙa gyara ta.

Ƙananan abubuwan da ke da doka a bayansu

Koma kan bindigar Robert Andrews. A idon yau kayan ado ce. A 1750 kuwa takardar shaida ce. Dokar farauta ta 1671 ta keɓe harbin zomon daji da tsuntsayen farauta ga wanda ke da ƙasar kansa mai kawo fam 100 a shekara, da wasu tsirarun masu muƙami. Ɗan ƙodago a gona a lokacin yana samun kimanin sule ɗaya a rana, fam ɗaya kuwa sule 20 ne, wato fam 100 ladan kwana 2,000 ke nan. Wata doka ta 1723 ta sa hukuncin rataya ga wanda aka kama da makami, ya ɓad da kama, yana farautar barewa a gandun wani. Saboda haka mutumin da ya tsaya a sake da bindiga da kare yana gaya maka a wane gefen doka yake. Sai 1831 aka cire sharaɗin mallakar ƙasa.

Layukan tushiyar alkamar nan ma magana ce. Shukar watsi da hannu ba ta fita a miƙe haka. Alama ce ta shuka a layi, irin wadda Jethro Tull ya yi wa inji a farkon ƙarnin, wato mai gonar yana nuna shi ɗan zamani ne. Auren ma kansa na ƙasa ne: an ɗaura shi a 1748, amaryar, Frances Carter, na da shekara 16, kuma ya haɗe filayen gidaje biyu maƙwabta a kan iyakar Essex da Suffolk.

Da alƙalamin iyakoki, bi kowane shinge. Gonaki masu kusurwa huɗu, shinge a miƙe kamar an ja da zare, hanya mai faɗi ɗaya ba karkata, galibi alamar killacewa ce ta hannun majalisa. Tsakanin 1604 da 1914 Majalisar Birtaniya ta zartar da dokokin killace fili sama da 5,200, da suka shafi eka kusan miliyan 6.8. Kafin killacewa, mai bukka yana da haƙƙin kiwon saniyarsa ko agwaginsa a filin gari, ya yi itace, ya yanki ciyawa. Bayanta, wanda ba shi da takardar shaida ya tashi a tutar babu, ya koma dogaro da lada kaɗai. Kala ma ba ta tsira ba: a 1788 wata kotun Ingila, a shari'ar Steel da Houghton da ta taso daga Suffolk, ta yanke cewa talaka ba shi da haƙƙin shiga gonar wani ya yi kala sai da izini.

Iyakar da ta fi wuyar kamawa ita ce wadda aka yi don kar a gan ta. Masu tsara gandun shaƙatawa, irin su Lancelot Brown da ya rasu a 1783, sun yawaita amfani da wani rami da Turawan Ingila ke kira ha-ha. Gefen da ke wajen gida katanga ce a tsaye ta dutse ko bulo, nutse cikin ƙasa, ɗaya gefen kuma gangare. Daga tagar gida ba ka ganin komai sai ciyawa ta miƙe har bakin daji, amma dabba ba ta iya haurowa. A zane za ka gane shi ta haka: tumaki ko barewa sun tsaya a wani layi guda ba abin da ya tare su a zahiri, ko launin ciyawa ya canza farat ɗaya. Tafkin da ke gaban gidan kuma sau da yawa rafi ne aka datse. Wani lokacin ma gari ne a wurin. A Nuneham Courtenay, wajajen 1760, Lord Harcourt ya rushe ƙauye ya mai da shi bakin titi don ya buɗe wa gidansa kallo. A Milton Abbas da ke Dorset, Joseph Damer ya yi haka da garin kasuwa sukutum a shekarun 1770 zuwa 1780. Idan ka ga coci tsaye ita kaɗai a tsakiyar gandu babu gida ko ɗaya kusa da ita, ka yi zargi, ruwa ba ya tsami banza. Ba a gina coci inda ba mutane.

Gwama shekara da wuri

Rubuta shekarar zanen a tsakiyar takarda, ka ja layin shekara goma baya, goma gaba, ka cika shi da abin da ya faru a wannan yanki takamaimai. Labarin ƙasa baki ɗaya bai isa ba, na gundumar ake so.

Gwada da The Hay Wain na John Constable, na 1821, mai faɗin santimita 185, wanda ake bugawa a kalanda da gwangwanin biskit a matsayin ainihin Ingila. Amalanke ce ba kaya tana ratsa ruwa mara zurfi a kogin Stour, ga gidan wani manomi mai suna Willy Lott a hagu, ga kare a bakin ruwa. Masu yankan ciyawa suna can dama cikin nisa, ɗigo-ɗigon farin fenti, sai ka faɗaɗa hoton sosai za ka ga sun sunkuya. Wurin tsayuwar kuwa gefen injin niƙa na Flatford ne, na gidan su Constable. Mahaifinsa Golding attajirin hatsi ne mai injinan niƙa da jiragen dakon kaya a kogin. Zanen kansa a ɗakin aiki a Landan aka yi shi, daga ƙananan zane-zanen da ya tara a shekarun baya.

Yanzu cika layin. A 1815 yaƙin Napoleon ya ƙare, sojoji suka dawo ba aiki, majalisa ta kafa dokar hana shigo da hatsi mai araha don kare masu gonaki. A 1816 aka yi boren yunwa a gabashin Ingila, aka rataye mutum biyar a Ely. A wajajen wannan lokaci aka killace filin gari na East Bergholt, mahaifar Constable. A 1822, shekara ɗaya bayan zanen, 'yan ƙodago a Suffolk da Norfolk suka shiga farfasa injinan casa suna cinna wa tarin hatsi wuta, har Constable ya rubuta a wasiƙa cewa hankalin ɗan'uwansa a tashe yake saboda gobarar dare. A 1830 abin ya game kudancin Ingila, aka rataye 19, aka kora kusan 500 zuwa Ostareliya. Ya san halin da ake ciki ke nan. Abin da ya zana shi ne kogin yarintarsa, kamar yadda ɗan mai injin niƙa ya san shi.

Don wannan mataki, takardun da suka fi amfani su ne taswirar killacewa da ta harajin coci da ke ma'ajiyar kowace gunduma a Ingila. Ta harajin coci, wadda aka yi bayan dokar 1836, tana ba kowace gona lamba tare da sunan mai ita da na mai noma ta. Ƙidayar jama'a daga 1841 tana ba da sunaye da sana'o'i gida-gida. Ɗora taswirar kusa da zanen ka ga gidaje nawa ne ya kamata su fito daga wannan wurin tsayuwa, nawa kuma wata kurmin itatuwa ta rufe.

Bi sawun kuɗin

Wani lokaci abin da aka ɓoye ba ya kusa da wurin ko kaɗan, yana hayin teku. Gidan Harewood da ke Yorkshire, wanda aka gina tsakanin 1759 da 1771, Brown ne ya tsara gandunsa, J. M. W. Turner kuma ya je a 1797 ya zana shi bisa buƙatar masu gidan. Komai ƙwaƙƙwafinka da rula ba za ka sami rake a zanen ba. Dukiyar masu gidan, iyalin Lascelles, kuwa daga gonakin rake na Barbados da cinikin bayi ta fito. Da aka soke bauta da dokar 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi, bayin ba su sami ko kwabo ba, kuma mai gidan Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ana duba irin wannan a rumbun bayanai na Legacies of British Slavery na jami'ar UCL da ke Landan, kyauta ne a intanet: sa sunan iyali ko na gida. Ƙungiyar National Trust mai kula da tsoffin gidaje da filaye ma ta fitar da rahoto a 2020 da ya lissafa wurare 93 da take kula da su masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka.

Jerin hannayen da zane ya bi yana gaya maka don idon wa aka yi shi. Na Andrews ya zauna a hannun zuriyarsu har 1960, wato an yi shi ne don masu gona su kalli gonarsu a bangon ɗakinsu. Na George Inness na kwarin Lackawanna, wajajen 1856, kamfanin jirgin ƙasa ne ya ba da aikinsa. Na Thomas Moran na Yellowstone, Majalisar Amurka ta saya dala 10,000 a 1872, shekarar da aka mai da wurin gandun ƙasa.

Filin da ba kowa

A zanen ƙasashen da aka kori mazaunansu, tambayar takan zama ɗaya: yaushe wurin ya zama ba kowa? Kwarin Yosemite na Amurka da Albert Bierstadt ya zana bayan ziyararsa ta 1863 mazaunin 'yan asalin ƙasar ne da ake kira Ahwahneechee, mayaƙan sa-kai na Mariposa suka afka musu a 1851, kuma buɗaɗɗun filayen da suka burge masu zane ƙunar daji da mutanen ke yi a kai a kai ce ta hana su cikewa da itatuwa. Tsaunukan Sikotland na Edwin Landseer, da zanen barewar da ya yi a 1851, sun biyo bayan korar dubban manoma daga Sutherland da wasu yankuna don kiwon tumaki, daga baya farauta. Faifan zane 32 da J. H. Pierneef ya kammala wa tashar jirgin Johannesburg a 1932 kusan ba mutum a cikinsu, shekara 19 bayan dokar 1913 da ta taƙaita baƙaƙen Afirka ta Kudu a kan kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar.

Kasancewar mutane ma tana iya yaudara. John Glover ya isa Tasmaniya a 1831, aka ba shi fili, ya riƙa zana 'yan asalin tsibirin suna rawa da hutawa a ƙarƙashin itatuwa, a daidai shekarun da aka riga aka kashe da yawansu, aka kwashe ragowar zuwa tsibirin Flinders. Haka Frans Post, da ya zauna a Birazil daga 1637 zuwa 1644, ya ci gaba da zana injinan matsar rake da bayi ƙanana-ƙanana cikin natsuwa shekaru bayan ya koma Holan. A nan ƙirga kaɗai za ta ɓatar da kai, sai ka haɗa ta da layin shekaru.

Inda ake yin kuskure

Na farko shi ne inuwa. Man sheƙin da ake shafa wa saman fenti yana yin rawaya ya yi duhu da tsufa, wasu korayen launuka masu sinadarin tagulla kuma suna komawa ruwan ƙasa. Kana iya cewa an jefa ma'aikaci cikin duhu da gangan alhali datti ne na shekara 200. Duba ko kundin ya ce an wanke zanen, da yaushe.

Na biyu, gyaran mai zane. Idan gidan ajiya ya wallafa hoton eksire, duba shi, amma kar ka ɗora wa kowane abu da aka goge ma'anar siyasa. A babban gwajin The Hay Wain da ke gidan adana kayan tarihi na Landan mai suna V&A akwai mutum bisa doki a bakin ruwa, a kammalallen zanen an shafe shi, har ana ɗan ganin alamarsa. Wannan ya fi kama da gyaran tsari don ido ya wuce kai tsaye zuwa amalanken. Suna ma haka: Constable da kansa Landscape: Noon ya sa masa, wato tsakar rana, don haka kar ka gina hujja a kan sunan da aka laƙaba daga baya.

Na uku shi ne ɗaukar al'adar sana'a a matsayin makirci. Ƙananan mutane a nesa tsohuwar dabara ce ta nuna zurfi, tun zamanin Claude, kuma wani lokaci wani mai zane daban ake ba ya ƙara su. Zane ɗaya ba ya kafa hujja. Tara biyar zuwa goma na yanki ɗaya da zamani ɗaya, ka yi musu awo iri ɗaya. Abin da ya maimaitu, shi ne ɗabi'ar kasuwar da masu sayenta. Kuma ba kowane mai mulki ne ke ɓoye ƙarfinsa ba. A bangon majalisar birnin Siena, Ambrogio Lorenzetti ya zana karkara mai albarka a 1338 zuwa 1339, a samanta kuwa ga wata halitta mai fukafuki riƙe da gungumen rataya da mutum a jiki. Can a fili aka faɗi farashin zaman lafiyar.

Wajen rubuta sakamako, raba takarda gida uku: abin da ido ya gani da awonsa, abin da takardu suka tabbatar da shekararsa, sai fassararka. Kar ka bar na uku ya kutsa cikin na farko. A cinyar Frances Andrews akwai wani fili da Gainsborough bai fenta ba. Wasu sun ce tsuntsun da mijin ya harbo aka so sawa, wasu sun ce an bar wa jariri wuri ne. A gida na farko abin da za ka rubuta shi ne “ba a kammala ba”, tare da faɗinsa da tsayinsa da milimita.